Taurarin Tsohon Makaɗi

Rubuta, 'yata. Ina tashar Footscray, ga wani tsoho kusa da ni, furfura har gadon baya, baƙar riga mai hoton ƙwarangwal. Ina ta addu'a a zuci. Ya runtse ido, ya miƙo min jarida.

“Mama, duba min, tsoron dubawa nake. Shekara da shekaru muna kiɗan nan mai fasa kunne, ga sabon faifanmu. In 'yan jaridan nan sun ce mun tsufa, na ajiye jita.”

Na ce, “Bawan Allah, ban iya karatu ba. Taurari dai nake gani, huɗu.”

Ya ce, “Maki huɗu cikin biyar suka ba mu!” Sai tsalle, gwiwarsa ta ce ƙas! Yana ɗingishi yana dariya, yana yi wa mai gangarsu ihu a waya: “Kev, tsohon banza, kar ka sayar da gangunan!”