Ranar da Baba ya zauna a kan ƙwallo

Jiya na ga yara suna zana layin fili da toka, sai na tuna tsohon sojan da ya kafa mana gasar ƙwallo tsakanin Zuru, Ribah da Kanya.

Wata shekara gardama ta kaure a wasan ƙarshe, har ’yan kallo suka fara tsintar duwatsu. Baba ya ɗauki ƙwallon, ya zauna a kai a tsakiyar fili, yana share gumi da hularsa.

Ya ce, “’Ya’yana, ba zan tashi ba sai kun gaisa. Ku hanzarta, gwiwata na ciwo.”

Dariya ta ƙwace mana. Muka gaisa, muka ɗaga shi, aka ci gaba da wasa.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka hutun da muka hana ka.