Saniyar Da Na Rantse Tawa Ce

A lokacin ina da ƙarfina, ina ɗauko ƙwaryar nono daga rugarmu ta bayan Dei-Dei in shigo kasuwa, kuma duk rugar babu mai ja da ni a kan shanu. Ban taɓa shiga aji ba, yanzun ma maƙwabciyata ce ke rubuta muku abin da nake faɗa, amma in na hango saniya a garken wani, sai in gaya maka uwarta.

Wata damina saniyata ja mai farin goshi ta ɓace wajen kiwo. Ana nan, ranar kasuwa, na gan ta ɗaure a kara, kasuwar dabbobi, a hannun wani dillali. Na kira ta yadda nake kiranta in zan tatse ta, ta ɗago kai. Shi ke nan fa. Na dire ƙwarya, na riƙe igiya, na kira bawan Allah ɓarawo a gaban kowa. Yana ta ce min Inna, yana roƙon in saurare shi, wai daga Neja aka kawo ta. Ina, matasa har sun fara ɗaukar sanduna.

Sarkin kara ne ya shiga tsakani. Ya tambaye ni shaida, na ce zuciyata, kuma Allah ya sani. Ya ce bai ƙaryata ni ba, amma dillalin ma da Allahn nan yake rantsuwa, shi kuwa ba ya ganin zuciyar kowa. Ya sa aka duba kunnenta, tsagar ba irin ta gidanmu ba ce. Na ce ai ɓarayi sun iya gyara tsaga. Aka tsare saniyar, ni kuma na hana bakina hutawa, har mutane suka daina ba mutumin nan dabbobinsu ya sayar, ga shi da iyali.

Bayan girbi aka aiko daga wajen Bwari cewa saniyata ta bi garken wasu danginmu, tana can har ta haihu.

Da ƙafata na koma kara, a wurin da na tozarta shi, na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga a farko, na ce ni ce na yi kuskure. Ya yafe, mutane suka dawo masa a hankali. Har yau in ya gan ni sai ya ce ga alƙaliya ta iso, a ɓoye shanu. Mu yi dariya, in zuba masa kindirmo.

Ban yi ƙarya ba ranar nan, abin da na gaskata na faɗa, kuma da shi na kusa sa a kashe mutum. Har gobe na san shanu. Amma 'yan'uwana, in zuciyarku ta cika da tabbaci a kan wani, ku bari a duba tukuna, kafin ku kira jama'a.