Matar da Ta Hana Ni Sa Hannu

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Mis Earline Maddox a gidanta da ke nan Toledo, tana da shekara saba'in da ɗaya, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. 'Yarta Rochelle ce ta kira ni. Lokacin ina tsaye a bakin ɗakin masu jego a asibiti, rungume da kujerar jarirai ta mota wadda na kasa gane yadda ake ɗaure ta, domin kwana biyu kafin nan aka haifa mini jika. Na nemi benci na zauna, kujerar a cinyata, na rasa wace fuska zan sa. Har yanzu da nake wannan rubutu ban samo ta ba. In kun ga murna tana leƙowa tsakanin layukan nan, ku yi mini uzuri. Shekara goma sha biyu ɗana Lamont da matarsa suna jiran yarinyar nan, kuma na san marigayiya ba za ta so in ɓoye ba.

Mis Earline, wasu za su tuna ki da ƙungiyar mawaƙan cocinku, wasu da girkinki. Ni a wani ɗan ƙaramin ofis na san ki, a bayan shagon dillalan motoci, inda kika hana ni sa hannu.

Shekara shida ke nan. Na ajiye aiki a masana'antar gilashi bayan shekara arba'in da ɗaya, matata Bernice kuma ta rasu shekarar da ta gabata. Tun muna yara muke cewa wata rana za mu hau babbar mota mai kujerun fata. Sai na ga wata baƙa ƙirar Jamus, ta hannu, shekararta uku a wajen wani likitan haƙori. Lamont ya riga ya duba takardun ciniki, nawa sa hannu ne kawai, sa hannu kuwa na iya shi. Aka tura ni ofishinki. Kina zaune bayan tebur da ƙaramar fanka da kwanon alewa, kika fito da wata takarda mai shafi goma sha huɗu wadda Lamont bai gani ba.

Kika yi mini bayani a natse. Garantin kamfanin da ya ƙera motar saura wata goma ya ƙare. Daga nan duk abin da ya lalace daga aljihuna ne, kuma irin waɗannan motoci fitila ɗaya tana iya cinye fanshon wata. Ƙarin garanti na shekara huɗu dala dubu huɗu da ɗari biyu ne, ana iya saye kowace rana kafin na farko ya ƙare. Tsoro ya kama ni, na ce a raina gara in saya in huta. Na shafa aljihun gaba, na shafa na baya, kamar yadda na saba yi tun ina saurayi.

"Kash, na bar tabarauna a gida. Nuna mini inda zan sa hannu kawai."

Kika jawo durowa. Tabarau ne cike, sun kai ashirin.

"Mista Odell, duk tsohon da ya shigo ɗakin nan tabaraunsa na gida. Zaɓi wanda ya yi maka."

Na ɗauko na sama, mai ruwan hoda, har da 'yar sarƙar rataya a wuya. Na sa, na kafa wa takardar ido, ina juya shafi ina gyaɗa kai. Sai kika tashi kika tura ƙofa, kika dawo kika zauna. Kika ce mahaifinki ma haka yake gyaɗa kai, kuma da sa hannu ɗaya ya rasa gonarsa a Alabama. Ba ki kalle ni ba lokacin da kike faɗa, fankar kike kallo, kuma wannan alheri ne da ban gane ba sai daga baya.

Ni a Mississippi aka haife ni, an cire ni daga makaranta zuwa gonar auduga tun ban gama sanin haruffa ba. Bernice ce take karanta mini komai, ita kaɗai ta sani. Ko Lamont bai sani ba.

Kika ce, "Ina iya karanta maka, amma ni mai sayarwa ce, kamasho nake ci a kan takardar nan. Ba zan zama idonka a kan abin da nake so ka saya ba. Akwai ajin manya a laburaren unguwarku, Talata da Alhamis, ƙarfe shida na yamma. Wata goma gare ka. Ranar da ka karanta ta da kanka, in ka ce kana so, ni zan miƙa maka biro."

Gaskiya ban gode miki ba. Na fita da fushi, na shiga sabuwar motata, sai da na kai gida na ga tabaraunki rataye a wuyana.

Sati uku ina wucewa ta gaban laburaren ban tsaya ba. A na huɗu na shiga. Mu tara ne a ajin, ni ne babbansu. Da muka ɗan fara haɗa kalmomi, malamarmu ta ce kowa ya kawo abin da yake so ya iya karantawa. Wata ta kawo littafin addu'a, wani ya kawo wasiƙun 'yarsa da ke aikin soja. Ni na kawo takardar garanti. Tun daga ranar suka sa mini suna Farfesan Giyabos, don takardata duk zancen akwatin giyar mota ce. Kuma ga abin dariya: da na fara gane haruffa sai na ga ƙananan suna yi mini hazo. Ashe da gaske ina bukatar tabarau. Shekara arba'in ina ƙarya da shi, ƙaryar ta zama gaskiya. Naki mai ruwan hoda na ci gaba da sawa, suka yi dariyarsu har suka gaji.

Duk farkon wata sai kin kira ni.

"Mista Odell, shafi na nawa?"

"Na uku."

"Na uku? Motar za ta tsufa ta mutu kana kan gabatarwa."

A cikin watannin nan motar ta samu aikin da ban shirya mata ba. Tsofaffin matan cocinmu, irin su Mama Idella mai shekara tamanin da huɗu, suka fara roƙona in kai su asibiti ko kasuwa. Kujerun suna ɗumama, ƙofa tana da faɗi, gwiwoyinsu suna jin daɗi. Kowacce in za ta sauka sai ta cusa dala biyar a ramin ajiye kofi, ta ce na mai ne. Na hana har na gaji. Mama Idella ta ce mini gara ta tsaya a tashar bas cikin dusar ƙanƙara da ta hau motar da ba ta biya ba, ita ba mabaraciya ba ce.

Saura kwana tara wa'adi ya cika na sa kwat ɗina ta zuwa coci, na zo ofishinki. Na buɗe shafi na goma sha ɗaya, na ɗora yatsa, na karanta miki da ƙarfi, kalma bayan kalma: ba za a biya komai ba idan ana ɗaukar fasinja a motar ana karɓar kuɗi. Na ba ki labarin Mama Idella da dala biyar ɗinta. Nan take kika kira masu garantin a gabana, kika buɗe murya ina ji. Suka ce in abin ya zama na kullum, ko kuɗin mai ne, ya shiga ciki.

Kika ajiye waya kika ce shekara goma sha tara kina sayar da takardar nan, kuma da kin karanta mini ita ran farko, da kin wuce layin nan da gudu, don ba ki san wa zan riƙa ɗauka ba.

To, hanya uku ce a gabana. In saya in daina ɗaukar tsofaffin nan. In saya in ci gaba, ranar da mota ta lalace in yi ƙarya. Ko in bar garanti in rungumi duk abin da ya zo. Na tambaye ki ke da wanne za ki zaɓa.

"Ni ba ni da motar Jamus, ba ni da Mama Idella. Kai ka karanta, kai za ka yanke."

Na daɗe ina juya biron da kika miƙa mini kamar yadda kika yi alkawari. Sannan na faɗa miki abin da ke raina, cewa ina so in saya ko don ki samu kamashonki, don ban san da me zan gode miki ba.

"In godiya ce, ka kawo mini kek ɗin dankali. Amma kada ka gasa da kanka, ina son raina."

Na ajiye biron. Ban saya ba. Kika ce in nemi makaniken da ya san irin motar, in riƙa canza mai a kan lokaci, kuɗin garantin kuma in ajiye su gefe in manta da su.

Ba zan ce ban taɓa nadama ba. Bayan shekara biyu, wata Lahadi muka fito daga sujada muka tarar motar ta zauna a kan tayoyinta na baya. Jakunkunan iskar da ke ɗauke da ita sun fashe. Gyaran ya ci fiye da rabin abin da na ajiye, kuma satin nan na yi ta tunanin ko na yi wauta. Labari ya kai miki kafin in kai shi, kika kira kina dariya, wai kin ji motata ta tuba, ta durƙusa a ƙofar coci. Na gyara ta, na koma ɗaukar fasinjojina.

Abin da ban sani ba ranar da na ajiye biron nan shi ne wa zan ɗauka a ƙarshe. Shekara ɗaya da rabi da suka wuce ƙodarki ta gaza, aka sa miki wankin ƙoda sau uku a mako, Rochelle kuwa tana aiki ba ta da halin kai ki kullum. Ke da kanki kika kira, kika tambaya ko akwai sauran wuri a motar tsofaffi. Litinin, Laraba, Juma'a, kujerar gaba taki ce. Nakan kunna ɗumin kujera tun kafin ki fito, don wankin yana sa ki jin sanyi ko da rani ne. Ran farko da za ki sauka na ga kina cusa dala biyar a ramin kofi. Na buɗe baki zan yi magana, kika ce, "Yi shiru, Mista Odell. So nake in tabbatar ba a banza ka bar garantin nan ba."

Wata rana muna dawowa, kin gaji ƙwarai, kika miƙo mini wasiƙa daga asibiti mai ƙananan rubutu. Kika shafa jakarki, kika ce kin bar tabaraunki a gida. Na kalle ki, kika kalle ni, muka yi dariya har sai da na gangara gefen titi. Sannan na karanta miki ita. Ba labari mai daɗi ba ne a ciki, amma kin saurara har ƙarshe, kika gyara mini kalma ɗaya da na faɗa ba daidai ba.

Ranar Lahadi, tara ga wata, aka haifi jikata. Nas ta ɗora mini ita a hannu, na ga 'yar roba a wuyan hannunta da rubutu a jiki. Ba wanda na tambaya. Na karanta sunanta da idona, na yi kuka a gaban surukata ban ji kunya ba. Ranar Litinin da la'asar na zo gidanki. Kin riga kin daina zuwa wankin, jikinki ya ƙi. Na ba ki labarin nauyinta da gashinta da yadda take riƙe yatsa. Kika ce in rubuta miki sunan. Na rubuta a bayan ambulan: Corinne. Kika ɗaga shi kusa da fuskarki, kika daɗe kina kallo.

"Har da harafin nan biyu a jere ba ka manta ba. Daidai ne, Farfesa. Gobe za ka ɗauko ta?"

Na ce e, in na iya ɗaure kujerar.

"Akwai takarda a cikin kwalin. Ka karanta, kada ka yi da ka."

Maganarki ta ƙarshe gare ni ke nan. Don haka ranar Talata, da na gama zaman da zan yi a kan bencin asibiti, na share ido, na sa tabarau mai ruwan hoda, na buɗe takardar kujerar daga shafin farko. Na karanta ta duka, har da ƙananan rubutun ƙasa. Na sauka na ɗaure kujerar a baya, na jijjiga ta ba ta motsa ba. Na tuƙo Corinne gida a hankali, motoci suna ta wuce mu, kujerar gaba kuwa na kunna mata ɗumi ko da ba kowa a kanta.

Allah ya jiƙanki, Mis Earline. Ya yafe miki kurakuranki, ya sa wahalar da kika sha ta zama hutu, ya karɓe ki yadda kika karɓi wani tsoho mai girman kai ba tare da kin kunyata shi ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rochelle da mijinta, da ƙaninki Mista Alvin, da jama'ar cocinku, da duk wanda ya taɓa zaɓar tabarau a durowar nan. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a kwanakin da gidan zai yi shiru.

Rochelle, akwai abu ɗaya na mahaifiyarki a hannuna tun shekara shida. Ki yafe mini, ba zan dawo da shi ba. Da shi zan karanta wa Corinne littafinta na farko.

Odell Pettway
Toledo, Ohio