Malam Shu'aibu, Wanda Minsharinsa Ya Yi Gadin Masarar Gari

Ina tsaye gaban allo a makarantarmu ta Kiru, alli a hannu, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma a makon nan ban iya ƙyale ta ba, domin mahaifina yana kwance a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na yi kwanaki a wurinsa, aka ce da sauƙi, na dawo in leƙa aiki. Yayana Haruna ne ya kira. Ko sallama bai yi ba, ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Baba ya cika." Na yi salati, na ajiye allin, na fita. Sai da na kai bakin titi na lura ban ɗauko jakar ba.

Na san yadda ake tuna mamaci, a faɗi alherinsa a yi masa addu'a, kuma zan yi, don Baba ya cancanta. Amma ina rubutun nan raina a ɓace, gara in faɗa tun farko. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba, kwana ya ƙare. Haushina na mutanen garinmu ne, da shi kansa Baba, Allah ya jiƙansa, waɗanda suka mai da ciwo abin raha har ya gama aikinsa. Kuma ba a gama ba. Yaya Haruna, ɗan farin Baba, yana ɗauke da irin wannan ciwon, an riga an fara yi masa irin wannan dariyar.

Malam Shu'aibu manomi ne a ƙauyenmu da ke bayan Doguwa, a gindin duwatsu, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar ka da ta babur. Mutum ne kakkaura, gajeren wuya, mai faɗin fara'a. Idan shuka ta zo, bai taɓa zuba irinsa a ƙasa ba sai ya bi gidajen matan da mazajensu suka rasu ya tabbatar kowace tana da nata. Idan an cire amfani, yakan je ruga da ƙafarsa ya ce wa maƙwabtanmu makiyaya su sako shanu su ci kara, kafin su zo roƙo. Yakan ce, "Kada ka bar mutum ya nemi abin da ka san zai nema."

Ni sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka Uwata yake ce mini, kuma ya ba ni damar yi masa faɗa tun ban fi ƙugunsa ba. Shi ya riƙa ɗora ni a bayan keke yana kai ni makaranta, lokacin da wasu suke ganin hakan ɓata taya ne. Duk abin da na zama, bayan Allah, keken nan ne. Wannan mutumin na rasa, kuma har yanzu idan aka yi gyaran murya a zaure sai na ɗaga kai.

Sai maganar minshari. Duk wanda ya san Baba ya san minsharinsa, har laƙabi aka yi masa, Mai Inji. Ana jinsa daga masallaci, ana jinsa daga bakin rijiya. Da rana kuma gyangyaɗi ne ba ƙaƙƙautawa. Ya yi barci a wurin ɗaurin aure, ya yi a wurin sasanci yana tsakiyar magana, ya taɓa yi da lomar tuwo a hannu. Mutane suka ce ai alamar tsarkin zuciya ce, wanda bai ci haƙƙin kowa ba shi yake samun irin wannan barcin. Ba wanda ya tsaya ya tambaya me ya sa mutumin da ya fi kowa barci ya fi kowa tashi a gajiye, da ciwon kai kullum safiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne garin ya sami amfani a ciwon. A wajenmu idan kaka ta yi, ana karya masara a tara ta tsibi-tsibi a gona, tana shan rana tana jiran injin casa ya zagayo. Kafin ya zo sai an kwana a kanta saboda ɓarayi. To wani mai wayo ya gano cewa duk tsibin da Malam Shu'aibu ya kwana a kai ba a taɓa shi, don ɓarawo tun daga nesa ya san da mutum a wurin. Daga nan aka shiga layi. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, Baba ya ɗauki tabarma da bargo ya tafi bukka. Bai karɓi komai ba sai godiya da kokon safe. Har alfahari yake yi, yana cewa, "In dai kuna jin ƙarata, ku yi barcinku."

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa dariya ba, ita ce Inna, mahaifiyarmu. Wata rana na je gida hutu, Baba ya kishingiɗa a inuwar rumbu bayan azahar, injin minsharinsa ya tashi. Muna tsintar wake da Inna sai na ga ta tsayar da hannu. Minsharin ya yanke. Ƙirjinsa yana motsi amma babu iska mai shiga ko fita. Shirun ya yi tsawo. Inna ta miƙa hannu ta zungure shi, ya ja numfashi da shaƙewa kamar wanda aka tsamo daga ruwa, ya juya ya ci gaba. Ta koma kan wakenta ta ce mini ita ƙarar ba ta dame ta ba, shirun ne yake hana ta barci, kuma tun muna ƙanana take wannan zungurin.

Na kafe sai mun je asibiti. Da ƙyar ya yarda, shi ma don hawan jininsa ya ƙi sauka ne. Likitan ya auna shi, ya dubi wuyansa, ya tambaya ko yana minshari. Baba ya tuntsire da dariya. Likitan bai yi ba. Ya yi mana bayani a natse, ya ce idan irin su Baba suka yi barci, naman maƙogwaro yana saki ya matse hanyar iska. Minsharin iska ce take kokawar wucewa, shirun kuwa hanyar ce ta toshe gaba ɗaya. Sai jini ya rasa iskar da yake buƙata, jiki ya firgita ya farkar da mutum bai sani ba, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Haka za a yi ta yi har gari ya waye, shekara da shekaru. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna galabaita, wata rana ɗaya tana iya toshewa ko ta fashe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Bai ce lallai sai ya faru ba, ya ce haɗarin ya fi yawa ga mai wannan ciwon, kuma ana iya rage shi.

Ya ce a je babban asibiti a Kano a auna barcinsa, ya rage jiki, ya daina kwanan rigingine, ya sha maganin hawan jini kullum, kuma akwai na'urar da ake sa wa a hanci tana tura iska idan ta kama. Baba ya saurara da ladabi har ƙarshe, sannan ya ce, "Likita, Allah ya saka da alheri. Amma ni fa ban taɓa jin minsharin nan ba, su ne suke faɗa."

A hanyar dawowa na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya ce, "Uwata, asibiti na marasa lafiya ne. Ni barci nake yi." Kano dai ba a je ba. An ce bayan shuka, an ce bayan noma, an ce bayan kaka. Maganin kuwa yakan sha idan kai ya sara, ya ajiye idan ya lafa. Da na bincika me ya sa ya ƙare da wuri, ashe raba shi ya yi da ƙanensa, Baffa Sule, wai shi ma kansa yana ciwo. Kyautar da muke yabonsa da ita ce ta kai har ga ƙwayar da take riƙe da ransa, ban san ko in yi kuka ko in yi ihu ba.

A daminar da ta wuce jikinsa ya yi gargaɗi. Moɗa ta suɓuce daga hannunsa na dama, harshensa ya yi nauyi na ɗan lokaci, sannan ya warware. Baffa Sule ya ce kwanciya ya yi a kan hannun. Wata maƙwabciya ta ce iska ce ta shafe shi. Aka murza masa man zafi, aka rufe maganar, aka kuma haɗa baki kada a gaya mini don ba sa son surutuna. Daga baya likita ya gaya mini wannan ita ce ranar da ya kamata a ruga da shi asibiti, ko da ya warware.

Da kaka ta zo, masarar Baffa Sule ce a layi. Baba ya tafi gadi. Gari ya waye bai dawo shan koko ba, aka ce a ƙyale shi, barcin Malam ne. Sai da hantsi ya dubi ludayi Inna ta matsa wa Yaya Haruna ya je ya duba. Ya same shi a bukka, baki ya karkace, hannu da ƙafa na dama ba motsi, idonsa biyu yana kallon ƙofa. Ba wanda ya san tun yaushe yake haka. A amalanke aka kai shi bakin hanya kafin a sami mota, a ciwon da kowane jinkiri yake cinye wani abu da ba ya dawowa. Bai ƙara yin magana ba har ya koma ga Allah. Masarar dai ba a taɓa ko zangarniya ɗaya ba.

Ranar sadakar uku maza suna zaune a ƙofar gida, mu mata muna ciki, katanga ce kawai tsakaninmu. Bayan azahar gyangyaɗi ya kwashe Yaya Haruna a tsakiyar masu gaisuwa, sai ga minshari, irin na Baba sak. Muka ji ana dariya ƙasa-ƙasa. Muka ji Baffa Sule yana cewa alhamdu lillahi, Malam bai tafi da injinsa ba, sauran masarar bana ta sami mai gadi. A wurin makoki, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba.

Sai ƙarar ta yanke. Inna tana zaune cikin takaba, carbi a hannu. Na ga yatsunta sun tsaya. Ta miƙe, ta ratsa mata, ta shiga zaure ta tsaya a bakin ƙofa inda maza za su ji ta. Tun da ta haife shi, Inna ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko a bayan idonsa. Ran nan ta kira.

"Haruna. Tashi."

Ya ja numfashi a firgice. Ta ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina zungurin mahaifinka, hannuna ya gaji. Ba zan rasa ku biyu da ciwo ɗaya ba." Sannan ta ce, "Sule, masararka ka kwana a kanta da kanka." Ta juyo ta koma tabarmarta ta ɗauki carbinta. Ba wanda ya sake yin dariya har la'asar.

Yaya Haruna ya ji kunya, kuma ni ya ɗora wa laifin, wai ni na zuga Inna. Matarsa ta ja ni gefe ta ce shi ma yana yin shirun, kuma kwanaki gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan babur, Allah ne ya tsare. Da na same shi da maganar Kano, ya ce sai an gama kai amfani gida. Na ce, "Yaya, na taɓa jin wannan amsar, ga inda ta kai mu." A gaban Inna ya yi alkawarin bayan sadakar bakwai. Ban gama yarda ba. Na nemi izinin maigidana da na shugaban makarantarmu, ina nan zaune a gida, ba zan koma Kiru ba sai na ga Yaya Haruna ya shiga mota da idona. Yanzu gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Shu'aibu. Ka yafe masa kurakuransa, har da taurin kan da ya sa ni kuka. Ka sa irin da ya raba da dararen da ya kwana a kan dukiyar mutane su tarye shi a mizani. Ka yalwata kabarinsa, ka ba shi hutun da bai taɓa samu ba a duniya, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙuri da lafiya. Ka yafe wa Baffa Sule da duk wanda ya yi dariya bai sani ba, ka sanyaya mini zuciya a kansu, don har yanzu ba ta huce ba. Yaya Haruna kuwa, ya Ubangiji, ka tausasa zuciyarsa ya shiga motar nan, ka bar mana shi, ya yi ta jin haushina har mu tsufa. Amin.