Akuyar da Ta Tsaya Mini Shaida a Hanyar Mokolo

Garwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asubahin Talata na bar gida a unguwarmu ta Jambutu, da buhu shida na gawayin da ba a sare ko reshe ɗaya ba wajen yin sa. Ɓawon gyaɗa nake ƙonawa, in daka, in kwaɓa da kokon rogo, in dunƙule kamar fura, in shanya. Shekara guda ina wannan sana'a. Kowa ya gani sai ya ce Allah ya yi albarka, ina ceton itatuwa, sannan ya wuce ya sayi gawayin itace. Matata Hadiza ta ce yabo ya ishe mu haka: in Baba Luka, mai gasa nama a kasuwar Mokolo, bai karɓi wannan kaya ba, in rufe in koma tuƙa moto, wato babur ɗin haya. Ban musa ba, don gaskiyarta ce.

A tasha aka ɗaure buhunana a kan rufin mota, kusa da akuyoyi uku na wani dattijo, Malam Buba. Na ce da direba ko za a raba su. Ya ce, "Patiron, tun da kake ka taɓa ganin akuya ta ci gawayi?" Na shiga mota na zauna, alhali ni na kwaɓa rogon da hannuna. Shida da rabi muka tashi.

Figil

Wajen ƙarfe takwas da rabi, bayan mun wuce Figil kaɗan, ma'aikacin gandun daji ya tsayar da mu. Ya hango baƙin gari yana zuba ta gefen taga.

"Gawayin wa? Ina takarda?"

"Nawa ne, shef. Ba na itace ba ne, na ɓawon gyaɗa ne."

"Jiya wani ya ce mini nasa na ƙashin kifi ne. Sauke."

In aka riƙe kayan nan, kasuwar Laraba ta wuce ni, sana'ar ma ta wuce. Direba ya hau rufi, sai muka ji ya yi salati. Jar akuyar Malam Buba ta huda buhu, ta cinye wajen kwano biyu, bakinta baƙi ƙirin, kuma ba ta fasa tauna ba don ganin kaki. Shef ya tsinto gawayin itace a wurin wani mai shayi a bakin hanya, ya miƙa mata. Ta sunsuna ta kawar da kai. Ya miƙa mata nawa, ta karɓe har da lasar yatsansa.

"Wannan ta fi takarda," in ji shi. "Ku tafi."

Malam Buba kuwa har Marwa yana mita, wai in ta mutu ni ne.

Mokolo

A Marwa muka ci shinkafa da wake a tsaye, muka canja mota, har da Malam Buba da akuyoyinsa. Kilomita wajen tamanin ne zuwa Mokolo, amma sai la'asar muka shiga, duwatsu ta ko'ina. A shagon wani ɗan unguwarmu na kwana, buhunan a ciki, ni a bakin ƙofa, don garin ma akwai awaki.

Da safe Baba Luka ya juya dunƙule ɗaya a hannu. "Ɗana, ni ban san ceton itace ba. In ya riƙe wuta har azahar, mun shirya. Itacen ne ya yi mana nisa a dutsen nan."

Ya hura, ba hayaƙi. Ya jera nama. Na zauna ina kallon garwashin kamar mai jinya. Azahar ta yi yana nan ja wur. Baba Luka ya ce in riƙa kawo buhu goma duk Laraba, ya yanko mini tsoka mai zafi. Ina cikin ci sai na hango jar fatar akuya a shanye bayan rumfa.

"Wurin wani tsoho na saye ta da sassafe," in ji shi. "Ya karya kuɗin, wai ta ci abin da bai yarda da shi ba."

Wallahi sai da na ji wani iri. Amma na ƙarasa, don naman ya gasu.

Komawa

Alhamis da azahar na iso Jambutu lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Luka da shef. Hadiza ta ce wa ya fi taimaka mini a tafiyar, ta aika masa da goro. Na miƙa mata ƙunshin naman da na yi mata tsaraba, na ce ga ta nan, ta yi mata godiya da kanta.