Itacen Wankan Jego

Shekarar da 'yata ta fari ta samu ciki tana Landan tare da mijinta, ni kuma ina nan Birnin Gwari ina harkar masara da dawa kamar yadda na saba. Mahaifiyarta ta riga mu gidan gaskiya. Gidan ya rage ni kaɗai, sai ƙanwata da ke leƙo ni ranar Juma'a.

Ni ba na sayen kaya sai na san hanyar da za su bi. Wata rana a waya na tambayi 'yar tawa nisan garin nasu. Ta ce mil dubbai ne, amma idan jirgi ya tashi daga can da safe, kafin magariba ya sauka Abuja. Dariya na yi. Na sha barin Kaduna da sassafe in kwana a hanya, muna jiran rakiyar sojoji a bakin daji. Na ce a raina ashe Landan ɗin ma kusa ce.

Daga nan na yanke cewa gida za ta zo wanka, kamar kowace mace a haihuwar fari. Ban yi shawara da ita ba. Na yi abin da na iya, wato tanadi tun kafin buƙata. Na aika wa manoman Kazage da nake sayen masara a hannunsu, suka kawo mini itacen marke da ƙirya, irin mai riƙe garwashi. Na jibge shi bayan ɗakin mahaifiyarta. Na ajiye gero da kanwa na kunu, na sayi babbar tukunya. Ƙanwata ta yarda za ta tare ta yi mata wankan.

'Yata ta haihu, namiji. Bayan suna ta kira ni ta ce mijinta ya amince, da zarar takardun jaririn sun fito za ta taho. Sai ta yi ƙasa da murya.

"Baba, gaya mini gaskiya, yaya hanyar take?"

A makon nan an tare motoci a dajin, har wani direba da ke ɗaukar mini kaya bai dawo ba. Ni kuwa ban taɓa yaba wa mai saye buhun da ƙwari suka ci ba.

"Uwata, zauna inda kike," na ce. "Ba da jariri ba."

Na ce ta riƙa wanka da ruwa mai zafi sosai, ta sha kunu. Iyakar abin da na sani ke nan. Maganar itacen ban yi mata ba.

Masu gidan burodi sun zo taya, na ce ba na sayarwa ba ne. Da damina ta faɗi na rufe shi da tamfol. Kullum da safe nakan zaro ɗaya in dafa ruwan shayi. Yaron yanzu yana tafiya, a waya nake ganinsa. Har yau ban ƙona rabin itacen ba.