Shekara Biyun da Na Roƙa

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Hadayek el-Ma'adi, hawa na huɗu a wani gini da ba shi da lif. Maigidana ma'aikacin gwamnatin ƙasarmu ne, aka turo shi Alƙahira yana kula da takardun ɗalibai. Wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin gado yana haki, ya ce, "Hajiya, halas, ya isa haka, na gaji. Shekaruna sun kai in ajiye aiki in karɓi fansho. Mu tattara mu koma gida."

Ni kuwa a lokacin ji nake babu mai hangen nesa kamata. Na ce, "Haba Malam, in ka ƙara shekara biyu abin da za a riƙa ba ka ya fi kauri. Ga autarmu saura mata shekara biyu ta gama karatun likitanci. Mu bar ta ita kaɗai a Masar?"

Ya ce akwai wani abu kuma. Tun yana saurayi ya cike fayil ɗinsa, sunan mahaifiyarsa ya rubuta a gurbin magaji, ita kuma ta daɗe da rasuwa. Sai ya je gida da ƙafarsa zai sa sunana, don in ya riga ni a ci gaba da ba ni rabon matar aure. Dariya na yi, wallahi. Na ce, "Wa ya ce maka za ka riga ni? Ma'alish, ba komai, takarda ba ta gudu."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Tamam, shi ke nan. Allah Ya kai mu."

Wata goma sha huɗu muka samu. Ranar wata Talata da hantsi aka kira ni daga ofishinsu, wai ya faɗi a tashar jirgin metro ta Ma'adi. Kafin in isa asibiti an rufe masa fuska. Likitan ya ce zuciya ce, kuma ta daɗe tana ba shi alama. A nan Alƙahira muka binne shi.

Bayan na fita takaba na je gida neman haƙƙinsa. Ma'aikaciyar ofishin fansho ta buɗe fayil ta ce, "Hajiya, yi haƙuri, babu sunanki a nan." Shekara talatin da aure, sai da na kawo shaidu gaban alƙali suka rantse cewa ni matarsa ce. Ƙanensa ya yi ta zirga-zirga da ni fiye da shekara kafin abin ya fito.

Yanzu komai ya daidaita. 'Yata ta zama likita, tana aiki a nan, ina zaune tare da ita. Kuɗin yana shigowa duk wata, kuma ya fi kauri kamar yadda na faɗa. Amma ban taɓa jin daɗin taɓa shi ba.

Mutane suna ce min ajali ne, na kuma yarda. Ko a gida yake, ranar za ta same shi. Abin da ke cin raina shi ne, mutumin da bai taɓa yi min ƙorafi ba ya buɗe baki sau ɗaya ya ce ya gaji, ni kuma na ba shi amsa da lissafi.